Goma Sha Biyu daga Carbin Kakana

Shekarar da na gama sakandare, ina zaman jiran sakamako a gidanmu na Gumel, fankar ɗakin Umma ta ƙone. Mai gyara ya zo ya kwance ta, ya shinshina, ya ce wannan ta gama aiki, ya watsar da kayan cikinta a tsakar gida. A cikin abin da ya watsar na tsinci dunƙulen jar waya siririya, a nannaɗe kamar zare. Ban san me zan yi da ita ba. Na dai ji ba zan iya barin ta ta tafi bola ba.

Da ita na fara. Sai in warware kamu ɗaya, in gasa a bakin murhu har fentin jikinta ya ƙone, in goge da toka da lemon tsami, ta fito ja tana walƙiya. In na naɗa ta a jikin ƙusa sai ta ba ni 'yan ƙananan zobba, in na naɗa a jikin kwalbar magani sai ta ba ni manya. Filayar Baba na sace daga cikin akwatin kayan babur ɗinsa, ita ce kaɗai kayan aikina na gaske. Sauran duk tsince-tsince ne: maɓallan tsofaffin riguna, harshen zif, duwatsun da suka zube daga mayafin biki, murfin lemon kwalba da nake bugawa da taɓarya har ya baje. Wata rana Umma ta nemi maɓallin rigar makarantar ƙanwata ta rasa, sai gani ta yi yana reto a kunnena. Ta ce tunda ta haife ni ba ta taɓa ganin mai ido a kan shara irina ba, kaza ma tana hutawa.

Ban ji haushi ba, don gaskiya ta faɗa. A lokacin duk abin da ke da huji ko za a iya huda shi, a wurina kayan 'yan kunne ne. Ina faɗin wannan ne don a gane halin da nake ciki ranar da na hau kujera ina lalube a saman kabad ɗin Umma, hannuna ya faɗa kan wani ƙaramin gwangwanin madara da aka rufe bakinsa da leda.

Duwatsu ne a ciki, na itace, baƙaƙe wuluk, kowanne bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Suna da wani sheƙi da ban taɓa gani a jikin abin kasuwa ba, ga su a huje tsaf kamar ni suke jira. Na ga wani dogo guda ɗaya a cikinsu, na ture shi gefe saboda ba shi da ɗan'uwa, 'yan kunne kuwa sai da biyu. Har yau in na tuna ina mamakin kaina. Jikar malami ce ni, a gidan da ake jan carbi safe da yamma na tashi, amma na kalli dogon nan da ke zama a kan carbi, wanda muke kira liman, ban gane shi ba. Ni dai na ga baƙi zai yi kyau a kan jar waya. Na ƙirga goma sha biyu na zuba a bakin zanina, na mayar da gwangwanin inda yake.

Sun yi kyau kuwa, ƙarya ba ta da amfani. Na yi 'yan kunne saiti shida, kowane ɗan kunne dutse ɗaya a tsakiya, waya ta zagaye shi sau uku ta lanƙwasa ta zama ƙugiya. Goggo, ƙanwar Baba, wadda ke aure a Maigatari tana kasa kayan mata ranar kasuwa, ta zo gaida tsoho ta gan su a kan faranti. Ta kwashi biyar ta ce za ta gwada. Na shidan na ba matar da ke kawo mana nono daga rugarsu ta wajen Sule Tankarkar, saboda ta daɗe tana ƙara min man shanu a kan fura ba tare da na roƙa ba. Sati bai zagayo ba Goggo ta aiko a ce min baƙaƙen nan sun tafi kamar wuta, in ƙaro. Na yi niyyar ƙarowa ma. Abin da ya hana ni, jar wayar ce ta ƙare.

Tsohon da Goggo ta zo gaisarwa shi ne kakana, mahaifin Baba. Duk gidan Malam muke ce masa. Ya koyar da karatun allo a zauren gidan nan tun kafin a haifi Baba, har yanar ido ta rufe masa gani ya sallami ɗalibai ya koma zaman buzu. Ni da shi wasan kaka da jika muke yi, amarya yake ce min, ni kuma in ce ba zan auri wanda ba ya iya tauna ƙashi ba. Na san a damina carbinsa ya tsinke, ƙusar ƙofa ce ta kama shi. Na san tun lokacin yana riƙe da wani kore na roba da aka kawo masa tsaraba, yana mita wai santsi gare shi kamar kuɓewa. Duk na san wannan. Kaina ne bai taɓa haɗa labarin da gwangwanin ba.

Saura kamar wata guda azumi, wata safiya ina shanya wanki, Umma ta fito da gwangwanin a hannu.

"Ke, ajiye wannan ki zo. Malam ya ce babanku ya yi ta alkawarin kai carbin nan a ɗaure masa, har yau shiru. Ya ce tunda amaryarsa ta iya ɗaure-ɗaure, a ba ta. Ɗari ne cif ban da liman, ni na tsince su da hannuna ranar da ya tsinke. Ki kula, na mahaifinsa ne, ya girmi babanku."

Na karɓa. Ban san me na ce ba, wataƙila "to" na ce. Na shiga ɗaki na juye su a kan faranti na ƙirga. Tamanin da takwas. Na sake ƙirgawa har sau uku, kamar ban san da hannun wa aka ɗebe ba. Tsoro ne ya fara kama ni, sai kunya ta biyo baya, daga nan sai wani haushi marar kan gado: don me za a ajiye abu mai daraja haka a gwangwanin madara? Wa ke ajiye gadon shekara da shekaru kusa da tsohon tocila da kwalin maganin sauro? Na yi ta neman wanda zan ɗora wa laifin, na zagaya gidan kaf a raina, na dawo kaina.

Abin da mai hankali zai yi a nan sananne ne, ya tashi ya je zaure ya durƙusa ya faɗi gaskiya. Ni kuwa sai na tuna Malam ba ya gani.

Akwai magarya a bayan gidanmu, lokacin 'ya'yanta sun bushe suna zuba. Na tsinto masu yawa, na cinye naman, na zaɓi ƙwallaye goma sha biyu da girmansu ya zo daidai. Kwana huɗu ina goga su a kan simintin bakin rijiya don in kashe musu kaushi, har fatar yatsuna ta saɓule. Na huda su da basilla da nake gasawa a wuta, uku suka fashe na sake wasu. Na kwaɓa baƙin gindin tukunya da man gyaɗa na shafe su, na shanya, na sake shafawa. Da na zuba su cikin 'yan'uwansu na ja baya na kalla, wallahi sai da na yaba wa kaina. Sai na rarraba su, nan ɗaya can ɗaya, don kada su taru wuri guda su tona min asiri.

Kuma don in nuna ƙwarewa, sai na ce zare ai shi ya ci amanarsa tun farko, a waya zan ɗaure. Na samo sabuwar waya mai kauri, na jera su, na matse su tsam yadda nake matse sarƙa don kada a ga waya a tsakani, na murɗe bakin da filaya. Na kai masa da hantsi ina taƙama.

Malam ya karɓa ya ɗaga. Abin ya tsaya masa a hannu ƙiƙam, zagaye guda, ko lanƙwasa ba ya yi. Ya sa babban yatsa zai ja ɗaya, ya ƙi motsi. Ya yi dariya har da tari.

"Amarya, wannan carbi ne ko awarwaron raƙumi? A wuya zan sa in tafi biki?"

"Ai don kada ya sake tsinkewa ne, Malam."

"To ai ba zai tsinke ba, tunda ba mai jan sa. Carbi sai da sarari, yarinya. A zare ake yi, a bar musu wurin da za su yi tafiya, kamar faɗin yatsa uku. In babu inda ɗaya zai matsa, ta yaya zan san na wuce shi?"

Na koma na kwance. Na samo zaren ɗinkin takalmi na ninka shi huɗu, na sake jerawa, na bar sararin yatsa uku a gindin liman. A raina har na ji sanyi, na ce ashe kuskuren da ya kama ke nan, na waya, wancan bai ji ba.

Da na kawo karo na biyu ban tafi ba, na zauna a bakin ƙofar zaure ina kallon hannunsa. Ya yi bisimilla ya fara ja. Ɗaya, biyu, uku, suna faɗawa kan juna da 'yar ƙarar nan da na tashi ina ji tun ina goye. A na bakwai yatsansa ya tsaya. Ya murza shi, ya juya shi, ya murza. Sai ya wuce. Can gaba ya sake tsayawa. Na ƙirga tsayuwarsa a raina, sau goma sha biyu, bai tsallake ko ɗaya ba. Da ya dawo kan liman sai ya ce, "Madalla. Allah ya yi albarka." Ya sa carbin a aljihu ya tambaye ni ko an dama kunu.

Wannan shirun shi ya hana ni sakat. Da zagina ya yi, da na yi kuka an wuce wurin. To ya sani ne ko bai sani ba? In ya sani, me ya sa bai faɗa ba, jira yake in kawo kaina? In kuma bai sani ba, me ya tsayar da yatsansa? Ko ya zaci Umma ce ta zubar da su ta rufe da dabara, yana rufa wa surukarsa asiri? Wannan tunanin ya fi ci min rai, don Umma ko ɗaga ido ba ta yi a gabansa. Kullum in na kai masa abinci sai in tsaya ina karantar fuskarsa. Fuskar kuwa ba abin da ta canza, amarya ce dai, da tsokanar cewa miyata ta yi gishiri. Ga kuma wata tambaya da ban san wa zan yi wa ba: mutum ya yi shekara hamsin yana ambaton Allah a kan abu, sai abin ya koma kunnen mata yana zuwa gidan biki, yana shiga banɗaki, alhakin wa ke nan? Malamin da zan tambaya a unguwar shi ne mai carbin.

Na yanke shawara in dawo da su, duka goma sha biyun, in musanya a ɓoye kafin azumi ya kama, ta yadda ko ya sani ko bai sani ba magana ta mutu.

Da mai nono na fara, don ita ce mai zuwa har gida. Ranar da ta sauke ƙwaryarta a tsakar gida suna kunnenta. Na ja ta bayan ɗaki na faɗa mata gaskiya tiryan-tiryan, na ce kuskure na yi, duwatsun nan na carbin Malam ne, ta ba ni in yi mata wasu da suka fi su. Na zaci za ta firgita ta cire. Sai ta sa hannu biyu ta dafe kunnuwanta.

"Na Malam na zaure? Wanda ya yi wa ɗana tofi ya tashi?"

"Shi. Shi ya sa nake so ki ba ni."

"Ikon Allah! Ni fa na ce. Tunda na sa su ciwon kan nan bai dawo ba, kuma saniyata da ta yi shekara biyu ba ta ɗauka ba ta ɗauka. 'Yar nan, ki roƙe ni maraƙi in ba ki, amma wannan kam sai dai a cire a gawata."

Na yi magiya, na yi fushi, na ce ai ba kyauta ba ce tunda ba nawa ba ne na ba ta. Ta ce ai shi ya sa, da nawa ne me za ta yi da shi. Ta zuba min nono har ya fi na kullum, ta ɗora ƙwarya ta fita, ta ja mayafi ta rufe kunnuwan kamar zan bi ta in fizge. Na tsaya riƙe da kwano ban san dariya zan yi ko kuka ba. Na faɗi gaskiya sau ɗaya a duk lamarin nan, ita ce kuma ta rufe min ƙofa.

Don haka da na shiga motar Maigatari ranar Alhamis, da ƙaryata a shirye na tafi. Na sami Goggo a rumfarta, manyan motoci na wucewa suna girgiza mata kaya. Ina zuwa na ga guda biyu a kunnenta, ashe ta riƙe wa kanta saiti ɗaya. Carbin ubanta ne, a kan cinyarsa ta yi wasa da shi tana yarinya, ga shi yana reto a gefen fuskarta ba ta sani ba. Na ce mata wayar da na yi baƙaƙen nan da ita ba ta da kyau, tana sa kunne ya yi kore ya ruɓe, na zo in karɓe su in sake. Kafin in rufe baki ta cire nata tana salati tana shafa kunne.

"Sauran fa, Goggo?"

"Uku wasu mata 'yan Nijar suka ɗauka, sun haye tun ranar. Ko sunan garinsu ban tambaya ba. Ɗayan kuma wata mai sayen kaya a wurina ce daga Gagarawa, gidansu na bayan inda ake auna hatsi. Ke kuwa 'yar nan, ki riƙa lura, kada ki ɓata min suna a kasuwa."

Na tsaya a bakin rumfar ina kallon hanyar da ta nufi iyaka, babura na shiga suna fita. Guda shida sun bi nan. Na riƙa leƙen kunnen duk macen da ta gifta, har wata ta tsaya ta tambaye ni ko lafiya.

Gagarawa kuwa sai da na yi wa Umma ƙaryar zuwa duba ƙawata marar lafiya. Motar ta tsaya ta ɗauki buhunan gero, ta tsaya ta ɗauki akuya biyu, na isa rana ta take. Matar ta karɓe ni da fara'a, amma da na kawo zancen ruɓewar kunne sai ta taɓa nata ta ce wata biyu tana sawa ba ta ga komai ba. Ta kafe ni da ido. Sai da na zazzage duk abin da ke jakata, 'yan kunne da zobe da wata sarƙar maɓallai da na fi so a duk abin da na taɓa yi, na ce ta zaɓa. Ta kwashe duka, sannan ta miƙo min biyun. Har na kai ƙofa ina jin tana ce wa maƙwabciyarta 'yan matan Gumel akwai abin mamaki.

A hanyar dawowa na kwance bakin mayafina na kalle su. Huɗu. Na yi sata ban sani ba, na yi algus ina sane, na yi ƙarya uku, na tsorata Goggo a banza, duk don in gyara abin ambaton Allah. Na kasa gane ko gyara nake ko ƙara ɓatawa. Amma na ce huɗu ta fi babu.

Malam yakan cire carbin ya rataye a ƙusa in zai shiga wanka. Ran nan yana shiga na ɗauke, na kwance ƙullin, na zare magarya huɗu na mayar da na asali a gurbinsu, na ƙulla, na rataye. Aikin ya fita tsaf. Na ji kamar an sauke min kashi ɗaya cikin uku na kayan da ke kaina.

Bayan la'asar sai ga kira daga zaure. Ba "amarya" ya ce ba, "ke" ya ce, abin da bai taɓa yi ba. Na je na durƙusa. Carbin na kan cinyarsa.

"Wa ya taɓa min wannan?"

Bai jira amsata ba ya ci gaba.

"Ina baƙina guda huɗu? Da safe goma sha biyu ne, yanzu takwas."

Nan na fashe da kuka. Na faɗa masa komai, tun daga fankar har matar Gagarawa. Bai katse ni ba. Da na zo kan mai nono da saniyarta sai na ga kafaɗarsa na motsi, ban sani ba dariya ce ko tari.

"Tun ranar da kika kawo shi a waya na ji su," in ji shi. "Ko kin zaci wanda ya shekara hamsin da abu a hannu sai da ido zai gane shi? Ƙwallon magarya ne, ta bayan gida. Na kuma ji inda kika goga, kin sha wahala."

"To me ya sa ba ka yi magana ba, Malam?"

"In ce me? Ɗari na nema, ɗari aka kawo min." Ya murza ɗaya daga cikin takwas ɗin. "In na gama wuridina sai in sake zagayowa daban, saboda su. Duk wanda na taras sai in ce, Allah ka shirya yarinyar nan, ka sa albarka a hannunta. Sau goma sha biyu da safe, goma sha biyu da yamma. Yau kin je har Gagarawa kin rage wa kanki huɗu."

Shiriya ai wanda ya kauce ake roƙa wa. Albarka kuma wanda aka yarda da shi. Ya haɗa min su a numfashi ɗaya, ban san wanne zan ɗauka ba. Na ce, "Malam, fushi kake yi da ni ko ka yafe?"

"Mayar min da su yadda suke. Sannan ki kawo ruwan alwala, rana na tafiya."

"Na asalin fa?"

"Wannan kuma ke da masu su. Ni ban aike ki ba."

Na mayar. A gabansa na zauna na kwance ƙullin karo na uku, na zare na mahaifinsa na sa ƙwallon magarya, yana ta faɗa min kada in manta da sararin yatsa uku. Washegari ya koma ce min amarya, bai sake tayar da maganar ba, bai kuma faɗa wa kowa ba. Amsar tambayata ma bai taɓa ba ni ba.

Huɗun nan suna nan a wurina, a cikin gwangwanin madarar. Na sha ɗaukar su in ce zan kai wa Goggo nata, sai in tuna sai na fara da bayanin ƙaryar da na yi mata, in mayar. Ban san na waye ba ne. Ba nawa ba ne, shi ya ƙi karɓa, waɗanda na karɓo daga wurinsu kuma ba su san me suka rasa ba. Ina nan ina sana'ar har yau, yanzu waya sayenta nake yi a nannaɗe, filaya ma uku gare ni, amma ko sau ɗaya ban sake kusantar da su da waya ba.

Malam ya ƙara shekara uku. Ranar da ya rasu, daga magaryar bayan gida aka tsinko ganyen da aka yi masa wanka da shi. Bayan an share makoki Baba ya shigo da carbin ya ce zaren ya fara cinyewa a gindin liman, in duba masa tunda ni na ɗaure. Na karɓa na shiga ɗaki. Kafin in taɓa ƙullin sai na ce bari in gaisa da nawa. Na rufe ido yadda yake, na fara ja daga kan liman, ina jira yatsana ya ci karo da kaushi a na bakwai.

Na wuce na bakwai ban ji komai ba. Na zagaye ɗarin kaf na dawo. Na sake zagayowa a hankali, ina murza kowanne. Ni na goga su a bakin rijiya, ni na huda su, na san gurbin kowanne, amma duk sun yi sumul kamar sauran, sai da na fita da shi hasken rana sannan na iya nuna su. Na zauna a bakin ƙofa ina ƙoƙarin lissafa sau nawa yatsa zai tsaya a kan ƙwallon magarya kafin ya cinye masa kaushi, lissafin ya ƙi fita, na bari. Baba ya leƙo ya tambaya ko zaren zai gyaru, na ce masa zai gyaru.